Takardar da Ɗan Fari Ya Karanta

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan fadama ta wajen Auyo ya san wannan kunya ce, babu ƙiyayya a ciki. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don kuwa haka na ji ƙannenta suna kiran ta. In na shigo tana tsakar gida, sai ta tuna da wani aiki a ɗaki. In zan gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa daga ciki ƙasa-ƙasa kamar mai amsa wa baƙo. In tana da magana da ni, sai ta nemi wani a kusa ta ce, "A ce da wancan kaza," ko da faɗin tabarma ne kawai tsakaninmu. Ƙannena suna hawa cinyarta, suna yi mata tsiwa, ni ko laushin tafin hannunta ban sani ba. Abin bai taɓa ɓata mini rai ba. Na san daga hannun wa ƙullin daddawa da bandar kifi ke fitowa su iske ni a makarantar kwana, ko da ɗan aike ya ce Inna ce ta aiko.

A ƙarshen shekarun tamanin ina koyarwa a wata firamare a Haɗeja. Ciki da falo na kama a wani gidan haya, irin gidan nan da ƙofofi ke kallon juna, kowa yana jin tarin kowa. Ƙofar da ke kallon tawa ta wani malamin sakandare ce, mutumin kudancin Kaduna, shi da matarsa da muke kira Madam. Mace ce mai kirki har ya so ya yi mata yawa, ga dariya, ga son taimako ko ba a nema ba. Matata a lokacin tana gidansu a Kaugama, ta tafi wankan jego, daga ni sai risho da tukunya ɗaya.

Wata Alhamis da yamma, ƙarshen damina, ruwa ya cika fadama, sai ga baffana, ƙanen mahaifina, da kwandon banda a ka, mahaifiyata tana biye da shi a lulluɓe. Gabana ya faɗi. Matar da ba ta taɓa taka gidana ba, ko lokacin da aka kawo amarya, ba za ta shiga kwale-kwale, ta hau bayan babur har Auyo, ta kuma shiga motar Haɗeja don ta zo ganin labulena ba.

Baffa ya sauke kwando ya ce, "Asibiti muka zo. Jiki ne ya matsa mata."

Na ce, "Me ke damun ta, Baffa?"

Ya ce, "Kai ma dai. Ni masunci ne, tambaye ni ciwon tarwaɗa in faɗa maka. Ta ce jiki, na ce to."

Na bar mata ɗakin, ni da shi muka shimfiɗa tabarma a zaure.

Da safe muka tafi asibiti, na yankar mata kati, muka zauna jiran layi, ita can ƙarshen bencin mata, ni nan. Da aka kira ta, sai ta tsaya ta ce da Baffa, "A ce da wancan ya tafi makarantarsa, yara na jira." Na gane nufinta. Na koma can gindin wata darbejiya inda ko tari aka yi a ɗakin likita ba zan ji ba. Da ta fito, Baffa ya kawo mini takardar likita mai rubutun nan nasu da ko aljani ba ya karantawa, ya ce in bi layin magani tunda ni ne ɗan gari.

Mai ba da magani a tagar wata 'yar Filato ce, kowa Sista yake ce mata. Mun san juna sama-sama, na taɓa koyar da 'yarta. Ta ƙirga wasu ƙananan ƙwayoyi a 'yar ambulan, ta ja layi a kai ta ce safe da yamma. Sannan ta turo wani kwali mai ɗan tsawo ta ce, "Malam, gara da kai ne. Wannan akwai takarda a ciki, ka karanta mata da kyau. Matarka ce?"

Na ce, "A'a, ta gidanmu ce." Ɗan fari ma yana da tasa kunyar. Ban iya buɗe baki a tsakiyar layi in ce uwata ce ba.

Ta ce, "To ka taimake ni da abu ɗaya. Ina bin takardun nan ne in ga waɗanda mutane ke ganewa da waɗanda ba sa ganewa. Duk mai karatun da ya karɓi magani ina roƙon sa ya dawo ya gaya mini. In ka karanta, ka leƙo wani satin."

Na ce ai ba komai, har da ɗan gyara wuyan riga, ga shi an san da ni a gaban jama'a. Na baya suna ta tsaki, na matsa. Na miƙa wa Baffa ledar, na ce su wuce gida, in an sauko daga Juma'a zan zo in duba. A tunanina magani dai sha ake yi, sauran bayani na cika takarda ne.

Da na dawo na tarar da Baffa a zaure yana fifita da hularsa. Ya ce, "Yauwa ɗan boko. Ga wata takarda a cikin kwalin nan, ta ce a ba ka, ko rasit ne. Amma fa likitocinku ba su da tausayi. Ƙwaya kamar ƙwallon dabino! Ta haɗiyi ɗaya ta tsaya mata a wuya, da ƙyar ruwa ya wuce da ita, tun ɗazu take kakarin amai. Har da wani ɗan tsinken roba suka sako, ko na motsa koko ne oho."

Takardar siririya ce, an nannaɗe ta kamar laya, rubutun ƙanana kamar ƙwan kifi, Ingilishi a gaba, Faransanci a baya. Na warware ta cike da isa, na matsa bakin ƙofa inda haske yake. Layin farko ya faɗi abin da maganin yake yi: ciwon sanyi na mata. Bai tsaya nan ba, ya jero alamomin ɗaya bayan ɗaya, da ƙaiƙayin da sauran abin da ba zan maimaita ba ko yau. Bature ba ya ce wa abu "abin nan". Ƙasa da wannan, da manyan baƙaƙe, aka ce ba a haɗiyar sa. Ta gaba ake saka shi in an zo kwanciya, da wannan tsinken da Baffa ke zargi da motsa koko, har da bayanin yadda mace za ta kwanta. Can ƙasa kuma aka ce a duba mijin shi ma, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har a gama maganin. Mijin nan mahaifina ne.

Zufa ta karyo mini. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kamar na banka ƙofar banɗaki na tarar da ita a ciki. Matar nan ta kore ni daga bakin ɗakin likita don kada in ji ko kalma ɗaya, ga shi duk abin da ta raɗa wa likita yana hannuna a buge, har da ƙari. A ranar na yi da-na-sanin zuwa makaranta. Abin da kawai ya ɗan sanyaya mini rai shi ne wani layi da ya ce in an haɗiye bisa kuskure yakan dagula ciki ne, ba ya wuce haka.

Baffa ya ce, "To me ta ce?"

Na ce, "Ta ce a dakata da manyan tukuna, a ci gaba da ƙananan."

Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ce, "Duk wannan rubutun? Lallai Turawa sun iya ɓarnar tawada."

Na karɓe abata na cusa a aljihu, na hau keke na koma asibiti, nufina in roƙi Sista ta zo da kanta ko in kai mata marar lafiyar. Na tarar da taga a rufe. Mai gadi ya ce sai Litinin. Na dawo na ce da Baffa ya roƙe ta su ƙara kwana har Litinin ɗin, akwai abin da ba a gama ba. Ya shiga ya faɗa mata, na kuwa ji amsar tun daga zaure: "Shinkafa ta fara nuna. Tsuntsu ba ya jiran Litinin." Tana da 'yar gonarta a fadama, ita ke korar tsuntsayenta da kanta, kuma in ta ce gobe, gobe ce.

Na zauna ina lissafi. Abu biyu nake so a lokaci ɗaya: ta san yadda ake amfani da maganin nan kafin ta koma bayan ruwa inda babu mai karanta mata, kuma kada ta san na sani. In na yi shiru, za ta haɗiye sauran ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta amai, ciwon da ya fito da ita daga gida yana nan. Baffa namiji ne, ƙanen mijinta kuma, ko da wuƙa a wuyana ba zan faɗa masa ba. Matata ta yi boko, amma tana Kaugama. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma macen da ke karanta Ingilishi a duk gidan ita ce Madam.

Tana bakin rijiya tana wanke rigunan makarantar 'ya'yanta. Na nufe ta na fasa, na koma kamar mai duba tayar keke, na sake nufo ta. Ta ɗago ta ce, "Malam, lafiya kake ta zagaye kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai?"

Na miƙa mata takardar, na ɗora yatsa kan manyan baƙaƙen nan, idona a bango. Ta goge hannu a zane ta karanta. Ta ce, "Ayya! Mama ta sha?" Na gyaɗa kai. Dariya ta taho mata, ta dube ni ta haɗiye ta. Ta ce, "Kada ka damu, yanzu zan nuna mata. Ai ba wani abu ba ne, kowace mace tana yi."

Ta wuce ɗakin da takardar a hannu, ban ƙara mata ko kalma ba. A garinmu ko yarinyar da ta fara ɗaura zane jiya ta san abin da za ta ce a irin wannan wuri: daga asibiti aka aiko ta, ko kuwa ita ta hango kwalin ta gane shi. Ba a koya wa mace wannan, da shi take tashi. Ban tuna cewa Madam ba a garinmu ta tashi ba. Na sha ganin babban ɗanta kwance a cinyarta tana cire masa ƙaya, tana kiran sunansa yadda duk unguwa za ta ji, amma ranar kaina ya ɗau zafi, ban haɗa wannan da wancan ba.

Na zauna kan wani turmi da aka kifa a tsakar gida. Ba laɓe na yi ba, gidan haya ne ba ya riƙe magana. Na ji Madam ta yi sallama irin tata, ta gaishe ta, ta rage murya tana bayani a hankali. Na ji ƙarar kwalin. Mahaifiyata tana cewa "to", "to", can ta ɗan yi salati, har na ji kamar 'yar dariyar jin nauyi irin ta mata in sun keɓe. Na sauke ajiyar zuciya, na ce an wuce wurin. Sai na ji ta yi tambaya.

"Ke kika karanta takardar?"

Madam ta ce, "Ni da Malam, Mama. Shi ma ya fara gani. Da bai karanta ba ai da kin shanye su duka. Gaskiya kin yi sa'ar ɗa, ya damu da ke sosai, har zufa yake yi."

Ina jin ɗigar ruwa daga rigunan da Madam ta shanya.

"Duka ya karanta?"

"Duka mana. Malami ne fa."

Ban ƙara jin muryar mahaifiyata ba. Madam ta fito fuskarta a sake ta ce, "An gama, Malam, ta gane sarai." Na yi mata godiya, to me zan ce? Haushinta ya cika mini ciki, na kuma san ba ta da laifi, yabo ta yi, da zuciya ɗaya. Wannan sanin ya ƙara mini haushi, don ban da inda zan sauke shi. Da yamma ta aika wa baƙuwar da tuwo da miyar kuka, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Ni dai na ce da Baffa wani abokina ba shi da lafiya, na bar gidan, a can na kwana.

Da safe na zo rakiya. Ta riga ta shirya, ta ja mayafi har ya rufe rabin fuskarta. Na durƙusa daga nesa na ce, "Kun tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Baffa ne ya amsa. Muka kama hanyar tasha, Baffa a gaba yana ta ba ni labarin yadda masu saye suka so su yi masa wayo a kan banda, ita a tsakiya, ni a baya da ƙullin kayanta, ina kallon diddigenta da ruwan fadama ya tsattsaga. A motar Auyo ta zaɓi kujerar da ke ba ni baya. A da, duk rabuwar da za mu yi, takan ce da wanda ke kusa, "A ce da wancan Allah ya yi albarka." Na tsaya jikin motar ina jira. Da direba ya tayar, ta ce da Baffa, "A ce ya koma, rana ta yi."

Wani satin na leƙa wurin Sista kamar yadda na yi alkawari, don in ban je ba za mu haɗu a hanya. Ta ji daɗin ganina, ta ce yawancin waɗanda ta roƙa ba sa dawowa. Ta fara tambaya. Rubutun ya yi ƙanana? Na ce ya yi, amma ana gani. Akwai kalmar da ta gagare ni? Na ce babu. Na gane yadda ake amfani da maganin? Na gane. Akwai abin da nake so in sani wanda takardar ba ta faɗa ba? Nan na kusa yin dariya. Na ce babu abin da ta rage. Ta ce to gaba ɗaya na gamsu da ita? Na ce takarda dai ta yi aikinta. Ta rubuta, ta ce wannan na cikin masu kyau ke nan, akwai waɗanda ko ita sai ta karanta sau biyu.

Ba ƙarya na yi mata ba, duk abin da ta tambaya gaskiyarsa na faɗa. Tambayar da babu a cikin nata ita ce wa zai karanta wa wa. Wanda ya rubuta takardar can ƙasarsu mace ɗaya ya hango, zaune ita kaɗai a ɗakinta, tana karanta abinta. A fadamarmu kuwa a shekarun nan, in ka ga mai karatu a gida, ɗa namiji ne, kuma sau da yawa babban ne, wanda aka fara kamawa aka kai makaranta.

Sista ta ce burinta a mayar da takardun Hausa, yadda ko yaro ɗan firamare zai karanta wa uwarsa a gida. Na ce, "Sista, irin wannan maganin da dai kin riƙa kiran mai shi ki gaya mata da baki." Ta nuna mini layin da ke bayana da biro, ya miƙe har ya sha kwana. Ta ce, "Ni kaɗai ce, Malam." Ita ma da gaskiyarta. Ban gaya mata abin da ya faru ba.

Magani ya yi aiki. Da Baffa ya sake kawo banda ya ce ta warware sumul, shinkafarta ma ta yi kyau. Na yi hamdala. Sai dai daga wannan shekarar, in na je gida ba na samun ta. In na sauka da safe, an ce ta tafi fadama. In na kai yamma, tana gidan suna a wata unguwa. In dare ya kama ta dole tana ɗaki, na durƙusa a bakin ƙofa na yi gaisuwa, ƙanwata ce ke amsawa ta ce ta yi barci. A da ina da muryarta daga bayan ƙofa, yanzu ita ma na rasa. Mahaifina ya taɓa tambayata ko wani abu ya haɗa mu, na ce babu. Na ɗaga ido na dube shi, layin nan na ƙasan takarda ya faɗo mini, na sunkuyar da kai. Shi ma ban ƙara iya zama da shi mu yi doguwar hira ba.

'Ya'yana kuwa ta ɗauke su kamar ta haɗiye. In an yi hutu matata takan kai su, su dawo da ƙiba da tsokanar kaka a baki. Har matata ta saba da ita fiye da yadda suruka ke sabawa, suna zama su tsinci shinkafa tare. Ni nakan tambayi yaran me kakarsu ta ce, me ta dafa, ta yi dariya? A bakinsu nake jin labarin uwata. Na yi ta ce wa kaina lokaci zai wanke abin, tunda ba zagin ta na yi ba, ba kuma wani ya ji ba. Shekaru suka yi ta wucewa, bai wanke ba.

A tsakiyar shekarun casa'in, da kaka, wani ɗan garinmu mai babur ya same ni a makaranta ya ce in zo gida, jikin Yaya ya yi tsanani. Muka tafi da matata. Lokacin ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, mai kwale-kwale sai ya yi ta kutsawa da gora, tafiyar da aka saba yi kafin rana ta take sai da ta kai mu la'asar. Matata ta shige ɗakin Yaya, ni na tsaya a tsakar gida. Ƙanwata ta fito ta ja ni bayan rumbu. Ita ke jinyar ta, ta rame ita ma.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ya fi shekara."

Na ce, "Shekara? Ina Haɗeja, asibiti na bayan gidana, ba wanda ya gaya mini? Kun haukace ne?"

Ta bar ni na gama faɗana, sannan ta ce, "Ita ta hana. Sassaƙe da jiƙo babu irin wanda ba a yi ba. Baba ya yi, Baffa ya yi, mu mun yi kuka, ta ce ba za ta asibiti ba. Ta ce maganin asibiti da takarda yake zuwa, kuma kai ne mai karatu."

Na dafa rumbun. Ƙanwata tana kallona tana jiran in ce wani abu, ba ta san me maganar ke nufi ba, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ni na sani. Kunyar ranar nan ta dawo mini sabuwa, ta haɗu da tsoro.

Na je bakin ƙofar na durƙusa. Ban taɓa yi mata magana mai tsawo ba sai ranar. Na ce, "Yaya, don girman Allah ku yarda a kai ku. Ba zan bi ku ba. Ba zan karɓi kati ba, ba zan bi layin magani ba, ba zan tambayi likita ba. Ga uwar yaran nan, ita za ta riƙe komai." Can na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Ƙanwata ta leƙo tana share ido ta ce, "Ta ce to. Amma ka zauna a nan garin har su dawo."

Da safe aka shimfiɗa mata tabarma a cikin kwale-kwale, aka ɗauko ta a lulluɓe. Ba ta da nauyi, ƙanena shi kaɗai ya ɗauke ta. Matata ta zauna ta ɗora kan Yaya a cinyarta, ƙanwata ta riƙe lema, Baffa ya karɓi gora da kansa. Na tsaya a bakin ruwa har kacalla ta rufe su. Na koma na zauna a gidanmu, ita tana garin da nake aiki, ni ina tsakar gidanta ina ba kajinta tsaba. Duk ƙarar babur da na ji daga tsallake sai in miƙe.

Ba su dawo da ita ba. Saƙon rasuwarta ya iso ni da hantsi, na kai Haɗeja ana shirin yi mata sallah, na samu na bi sahu. Likita, in ji Baffa, ya ce an makara ƙwarai.

Bayan an share makoki, matata tana kwance kayan da suka dawo da su daga asibiti, sai ga ledar sauran magunguna. Ta ce ko in mayar musu, wani ya amfana. Na karɓa, na ga kwalayen duk a buɗe. Na leƙa ɗaya, na leƙa wani, babu takarda ko ɗaya a ciki. Ban yi tambaya ba, ita ta faɗa da kanta.

Ta ce, "Ita ta sa ni. Duk kwalin da aka kawo, sai na karanta mata, na yayyaga takardar a gabanta, sannan ta yarda ta sha."

Matata ta san sunan ciwon da ya kashe mahaifiyata. Mun tsufa tare yanzu, ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.